Masu gidajen abinci, ku rubuta cefanenku kafin masu haraji su yi muku ƙiyasi

Tun da Shugaba Tinubu ya sanya hannu a kan sabbin dokokin haraji guda huɗu a ranar 26 ga Yunin 2025, waɗanda suka soma aiki a farkon Janairun 2026 kuma suka mayar da hukumar tara haraji ta tarayya, wato FIRS, ta koma NRS, 'yan kasuwa ke cikin zullumi, masu gidajen abinci kuwa suna sahun gaba. A ganina yawan abin da doka ta ce a biya ba shi ne babbar barazanar da ke gabansu ba. Abin da zai cutar da su shi ne rashin rubutu, domin sana'ar abinci tana da ciniki mai yawa da riba kaɗan, kuma wanda bai rubuta ba ba shi da hanyar nuna wa kowa bambancin da ke tsakanin biyun.

A dubi yadda ranar Hajiya mai gidan abinci take tafiya a Kano. Da asuba an tafi 'Yankaba an sayo kwandon tumatir da attaruhu da albasa, an biya mahauci, an sauke buhun gawayi, an cika tukunyar gas, an zuba wa janareta mai, an sallami mai ruwa, kuma a cikin duk waɗannan da wuya a sami mutum ɗaya da ya ba da rasit. Da azahar kuwa, idan wuri ya cika, yawancin masu cin abinci da taransifa suke biya ko su miƙa kati a saka a na'urar POS, ko kwabo ɗaya ba ya ɓacewa a takardar banki. Ke nan banki ya rubuta mata duk abin da ya shigo, abin da ya fita kuwa ba a rubuta shi a ko'ina ba. Harajin kuɗin shiga a kan riba ake ɗora shi, amma idan ba a kawo lissafi ba doka ta ba hukuma damar yin ƙiyasi, kuma jami'in da zai ƙiyasta cunkoson tsakar rana yake gani, ba ya ganin tukunyar miyar da ta kwana ta lalace saboda an ɗauke wuta. Wanda aka yi wa ƙiyasi yana da kwana 30 ya ƙalubalanci abin da aka yanka masa a rubuce, to amma da wace hujja zai yi hakan idan ba shi da ko takarda ɗaya?

Maganin ba ya bukatar kwamfuta ko akanta mai tsada. Littafi ne guda, a ajiye shi kusa da akwatin kuɗi, kowace rana a rubuta kwanan wata da abin da aka sayo da farashinsa da wanda aka saya a wurinsa, sannan da dare a rubuta jimillar ciniki. Inda zai yiwu, a biya dillalin shinkafa da mahauci ta banki, domin wannan taransifar ita kanta shaida ce. Abu na biyu, wanda na fi matsa wa 'yan'uwa a kansa, shi ne a raba asusun sana'a da asusun gida. Idan kuɗin adashi da gudummawar biki da abin da ƙani ya turo don maganin mahaifiya duk suna faɗawa asusun da ake karɓar kuɗin tuwo, ranar da aka zo bincike za a sha wahala kafin a rarrabe su, kuma mai sana'ar ne zai yi ta rantsuwa.

Ya kamata kuma kowa ya san wace hukuma ce take binsa. Wanda ya yi rajistar sunan kasuwanci kawai a hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC, ko yake sana'ar da sunan kansa, hukumar tara kuɗin shiga ta jiharsa ce take karɓar harajinsa, kuma a sabuwar doka naira 800,000 ta farko a abin da mutum ya samu a shekara ba ta da haraji. Wanda ya yi rajistar cikakken kamfani kuwa, harajin ribarsa na gwamnatin tarayya ne. Ko da lissafi ya nuna ba a bin ka komai, sai ka shigar da bayanan shekara, domin tarar rashin shigarwa daban take da harajin kansa, kuma ƙaruwa take yi wata bayan wata.

Batun VAT, wato harajin da ake ƙarawa a kan farashin kaya mai saye ya biya, shi ne nake so masu manyan gidajen abinci su saurara da kunnen basira. Tun Fabrairun 2020 harajin yake kashi 7.5 cikin 100. Ɗanyar shinkafa da wake a kasuwa ba su da shi, amma abincin da aka dafa aka sayar a gidan abinci yana da shi. Dokar kuɗi ta 2019 ta keɓe wanda cinikinsa na shekara bai kai naira miliyan 25 ba, sabuwar dokar kuma ta ɗaga wannan iyaka, don haka mai sayar da waina a bakin titi ba ta cikin wannan magana. Amma wanda ya haura iyakar, idan ya sayar da faranti a kan naira 4,000 ya ƙara naira 300 da sunan VAT, to ɗari ukun nan ba tasa ba ce, ajiya ce aka ba shi ya kai wa hukuma zuwa ranar 21 ga watan da ke biye. Wanda ya karɓa a hannun jama'a ya zuba a aljihunsa ya ci amanar mai saye kafin ya ci ta gwamnati, kuma ba na jin akwai uzurin tsadar kaya da zai wanke wannan.

Ban faɗi haka don na wanke hukumomi ba. Mai gidan abinci yana da gaskiya idan ya ce an yi masa taron dangi: ƙaramar hukuma ta karɓi kuɗin shago da na allon talla, jiha ta karɓi na wurin kasuwanci, masu duba-gari su zo, masu kwashe shara su zo, a Legas ma tun 2009 akwai ƙarin kashi 5 cikin 100 da jihar ta ɗora a kan abin da aka ci a otal da gidajen abinci. A Arewa kuma ba mu manta dalilin da ya sa talakawa suka yi murna ba lokacin da gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali bayan hawansu mulki a 1979. Mutumin da yake sayen ruwansa ya kuma samar wa kansa wuta yana da haƙƙin ya tambayi inda kuɗinsa yake zuwa, kuma wajibi ne gwamnati ta ba shi amsa da aikin da ido zai gani.

Sai dai hanyar da da yawa suke bi don samun sauƙi, wato a kira jami'i gefe a danƙa masa wani abu tare da kular abinci, ita ce mafi tsada. Kuɗin bai shiga asusun gwamnati ba, bashin yana nan da sunanka, kuma ranar da aka canza wa jami'in wurin aiki wanda ya gaje shi daga farko zai soma lissafi. Duk wanda ya zo neman kuɗi a nemi ya kawo takardar hukuma mai ɗauke da sunan harajin da adadinsa, a biya ta banki, a adana rasit. Idan an ga zalunci, sabbin dokokin sun kafa ofishin sauraron koken masu biyan haraji, akwai kuma kotun ɗaukaka ƙarar haraji, ƙungiyoyin masu sayar da abinci kuma za su fi ƙarfi idan suka kai kuka tare da takardunsu a hannu.

Akwai kuma amfanin da ba a cika lura da shi ba. Ranar da wata ma'aikata ko makaranta ta nemi wanda zai ciyar da mahalarta taro ko ɗalibai, cikin takardun farko da za a tambaya akwai shaidar biyan haraji ta shekara uku da suka gabata, kuma Hajiyar da ta fi kowa iya girki a garin za ta iya rasa kwangilar saboda wannan takarda kaɗai.