'Yan daba a Kano da masu askin ƙwal-kwabo a Ingila

Mu da muke zaune a Ingila mun ga tarzomar da ta biyo bayan kisan yara mata uku a Southport a watan Yulin 2024, inda aka yi ta jifan masallaci, aka kuma yi yunƙurin cinna wuta a otal ɗin masu neman mafaka a Rotherham. 'Yan'uwanmu da yawa suna cewa ƙiyayyar baƙi ce ta tara waɗannan samari. A ganina ƙiyayyar daga baya take zuwa, domin abin da ke fara jan saurayi shi ne samun mutanen da za su san sunansa, su tsaya masa ranar faɗa.

Tarihin 'yan sikinhed, masu askin ƙwal-kwabo da manyan takalma, ya nuna haka. A ƙarshen shekarun 1960 'ya'yan leburori ne a Landan, waɗanda suka ɗauki kiɗa da salon sutura daga samarin Jamaika da suke unguwa ɗaya da su, ko da yake tun a lokacin wasunsu suna dukan 'yan Pakistan a kan titi. Jam'iyyar National Front mai ƙyamar baƙi, wadda aka kafa a 1967, ta tarar da su a haɗe, ta bi su filayen ƙwallo ta nuna musu abokin gaba. Ƙungiyar EDL (English Defence League) mai adawa da Musulunci ma, da ta ɓulla a Luton a 2009, daga gungun magoya bayan ƙwallo masu son rigima ta samo yawancin mutanenta.

Wanda ya tashi a Kano ba baƙon wannan ba ne. Daba tana da tushe a farauta da wasan tauri, kuma tun zamanin NEPU da NPC 'yan siyasa suke ɗibar 'yan banga daga cikin irin waɗannan samari, kamar yadda aka yi daga baya da 'yan kalare a Gombe da sara-suka a Bauchi. Masana'antun Sharaɗa da Bompai sun durƙushe, haka ma ma'adinan kwal da yawancin masana'antun ƙarfe na yankin Rotherham, kuma yaron da ba shi da wurin zuwa da safe ba ya wuyar samu ga mai neman amfani da shi.

Sai dai akwai bambancin da bai kamata a rufe ido a kansa ba. Abokin gabar ɗan daba yana sauyawa gwargwadon unguwa ko wanda ya biya kuɗi, kuma idan ya tuba, dattawan unguwa suna iya karɓarsa su nema masa sana'a. Mai wariyar launin fata kuwa an ba shi aƙida, an ce masa baƙar fata da Musulmi ne suka ƙwace masa aiki da gida, kuma yanzu yana iya shan wannan karatu a wayarsa shi kaɗai a ɗaki, inda babu dattijon da zai gan shi balle ya tsawata masa.