Wuƙar tangaran ta soja: ta ajiya ce, ba ta daji ba

Jama'a, akwai wata magana da ke yawo tsakanin masu sha'awar wuƙaƙe, wadda nake ganin ya kamata a zauna a warware ta. Za ka ga an ɗora hoton wata baƙar wuƙa mai siffar ta sojoji, an sa ta a kube mai kyau, an rubuta cewa ruwanta na tangaran ne. Sai a ce maka ta fi ƙarfe kaifi, ba ta tsatsa, ba ta dakushewa, kuma in ka saya ka ajiye, nan da shekara goma kuɗinta zai ninka. Matasanmu da ke sayayya ta intanet sun fara faɗawa wannan tarko, shi ya sa na ce bari in faɗi ra'ayina. Wanda bai yarda ba, ga fili nan.

Da farko dai, tangaran ɗin da ake nufi ba irin na kofin shayi ba ne. Wani sinadari ne da ake kira zirkoniya, ana samo shi daga yashin zirkon, wanda Ostireliya da Afirka ta Kudu suka fi kowa haƙowa. Mu ma a Filato ana samun wannan yashi a cikin abin da ya rage bayan an wanke kuza. Ana mayar da shi gari mai laushi, a zuba masa ɗan wani sinadarin da zai daidaita shi, a matse shi da inji cikin siffar wuƙa, sannan a gasa a zafin da ya kai wajen digiri 1,400 har ya dunƙule. Daga nan sai a fitar da kaifin da dutsen daimon, don babu wani dutsen wasa wuƙa na yau da kullum da zai ci shi. Kamfanin Kyocera na Japan ya fara sayar da irin wannan wuƙa a 1984, kuma a lura, don ɗakin girki ya yi ta: yankan tumatir, albasa, tsokar nama da kifi marar ƙaya.

Zirkoniya tana da wata baiwa da sauran tangaran ba su da ita, kuma ba zan ɓoye ta ba. A 1975 wasu masana uku a Ostireliya, Garvie da Hannink da Pascoe, suka nuna cewa idan tsaga ta fara shiga jikinta, ƙwayoyin da ke bakin tsagar sukan sauya siffa su ɗan kumbura, sai kumburin ya matse tsagar ya hana ta ci gaba. Wannan ne ya sa ake iya yin haƙorin roba da ita, ake kuma iya yin wuƙa. Da ba don haka ba, da ko albasa ba za ta gama yankawa ba.

To amma a nan masu talla suke yi mana wayo. Suna cakuɗa tauri da juriya, alhali abubuwa biyu ne daban. Tauri shi ne abu ya ƙi karcewa, ya ƙi zaizayewa. A ma'aunin tauri na Mohs, inda daimon yake 10, zirkoniya ta haura 8, ta wuce ƙarfen wuƙa. Saboda haka in dai abu mai laushi kake yankawa, igiya ko kwali ko tsoka, kaifinta zai daɗe sosai, ba musu. Juriya kuwa ita ce abu ya sha duka ko murɗa bai karye ba, kuma a wannan fannin ƙarfe mai kyau ya ninka ta sau da yawa. Idan ƙarfe ya gamu da abin da ya fi ƙarfinsa, bakinsa kan lanƙwashe ko ya dakushe, ka goga shi a dutse ya dawo. Tangaran ba ta san lanƙwasa ba. Ko dai ta riƙe, ko ta ɓantare. Babu tsakiya.

Ka kai wa mahaucin unguwarku ita ranar Layya ka ga. Yanka da fiɗa za su tafi lafiya, har ya yaba. Da zarar bakinta ya ci karo da ƙashin haƙarƙari ya ɗan murɗa hannu kamar yadda ya saba, za ka ji ƙas, ta yi giɓi. Tsohuwar wuƙarsa ta maƙera da ya saya da ɗan kuɗi kaɗan, goga biyu zai yi mata a dutse ya ci gaba da aikinsa. Taka kuwa sai a nemi mai dutsen daimon, in akwai shi a garin.

Yanzu mu tambayi kanmu, me soja yake yi da wuƙa? Fina-finai sun sa mutane na zaton faɗa yake yi da ita kullum. A gaskiya yawancin aikinta na wahala ne: ɓanɓare akwatin katako, buɗe gwangwani, tonon rami, saran reshe, yanke waya, buga turken tanti da gindinta. Kusan kowane ɗaya daga cikin waɗannan, aiki ne da masu ƙera wuƙar tangaran da kansu suke gargaɗin kada a yi da ita. Dubi wuƙar Ka-Bar, wadda sojojin kundumbalan ruwa na Amurka suka karɓa a 1942. Ruwanta inci 7 ne, ƙarfenta mai sauƙi ne da ake kira 1095, wanda in ka bar shi cikin danshi kwana biyu zai yi tsatsa. Duk da haka har yau ana ƙera ta ana saye, saboda za ka iya cin zalinta yadda kake so, ka wasa ta da dutsen bakin rafi. Wuƙar da za ta faɗi kan siminti tsininta ya tafi, ban ga yadda za a kira ta ta fagen fama ba.

Masu ƙerawa sun san da wannan matsala. Dabararsu ita ce su yi ruwan da kauri sosai, su buɗe kusurwar kaifin, su dakushe tsinin kaɗan don kada ya karye. Hakan yana taimakawa. Sai dai abin da ka samu a nan ka rasa shi a can, domin wuƙa mai kaurin baki ba ta ratsa abu da sauƙi. Ka sayi wuƙa saboda an ce ta fi kowace kaifi, ka ƙare da wadda siririyar wuƙar ƙarfe ta fi ta yanka.

Ba ina cewa ba ta da amfani ba ne. Akwai mutanen da aka yi ta dominsu, kuma su tana yi musu rana. Mai kwance bam ko nakiyar teku ba ya son ƙarfe a hannunsa, domin wasu nakiyoyin maganaɗisu ne ke tayar da su. Tangaran ba ta jan maganaɗisu, lantarki ba ya bi ta jikinta, ruwan gishiri kuma ba ya cin ta. Saboda irin waɗannan ma'aikata ne wani maƙeri Ba'amurke, Kevin McClung, mai tambarin Mad Dog, ya fitar da jerin wuƙaƙen tangaran da ya kira Mirage X. Mutumin ya riga ya yi suna da wuƙarsa ta ƙarfe mai suna ATAK, wadda ya yi wa zaratan sojojin ruwan Amurka. Magoya bayansa suna rantsuwa cewa tangaran ɗinsa ya fi na ɗakin girki juriya nesa ba kusa ba, har suna nuna tana karce gilashi tana kankare ƙarfe. Na yarda tana yi. Amma karce gilashi shaidar tauri ce, wadda dama ba mu yi musunta ba.

Ko a wannan ɗan lungu ma ta samu kishiyoyi. Kamfanin Mission ya ƙera wuƙaƙen titaniyom, waɗanda su ma ba sa jan maganaɗisu, ba sa tsatsa, kuma kana iya ɓanɓare abu da su ba tare da fargaba ba, ko da yake kaifinsu ba ya daɗewa. Batun tsatsa kuwa, kamfanin Spyderco ya daɗe yana sayar da wuƙaƙen teku na ƙarfen H1 da ruwan gishiri ba ya yi wa komai, ga kuma ƙarfen MagnaCut da masanin ƙarfe Larrin Thomas ya fito da shi a 2021, wanda ya haɗa riƙe kaifi da juriya da ƙin tsatsa. Hujjojin da tangaran ke taƙama da su a shekarun 1990, ƙarfe ya ƙwace mafi yawansu.

Akwai kuma wata hujja da ake raɗawa a kunne, wai na'urar gano ƙarfe ba ta ganin ta. Wannan ni ba ya burge ni ko kaɗan, a ƙasar da muke fama da 'yan daba da masu ƙwacen waya. Kuma maganar ma ba ta cika ba. Kamfanoni da yawa suna sa ƙarfe a jikin mariƙin da gangan don na'ura ta yi ƙara, jihar Kalifoniya ma doka ta yi a kan haka, sannan na'urar hoton kaya ta filin jirgi tana ganin zirkoniya sarai. Wanda ya sayi wuƙa da wannan niyya, Allah ya shirye shi, ba da shi nake magana ba.

Mu koma kan kuɗi, inda aka fi yaudarar mutane. Me ke sa wuƙa ta yi daraja a wurin masu tarawa? Ka dubi waɗanda suka yi. Wuƙar Fairbairn-Sykes ta farko da kamfanin Wilkinson Sword ya ƙera a 1941, darajarta kwamandojin Birtaniya ne da yaƙin duniya na biyu. Wuƙar kamfanin Randall na jihar Fulorida a Amurka, mutum kan yi oda ya jira shekaru kafin ta iso. Wuƙaƙen maƙeri Bob Loveless, tun yana raye ake rububinsu, bayan rasuwarsa a 2010 kuwa ba a ƙara samun sabuwa daga hannunsa. A duka ukun, sunan maƙeri ake saye, da tarihi, da ƙarancin abin. Ba wanda ya biya dubban daloli saboda sinadarin da ke cikin ruwan wuƙar.

Haka Mirage X take. Tana da tsada a hannun masu tarawa saboda Mad Dog ce, saboda kaɗan aka yi, saboda tana ɗauke da labarin masu kwance bam. Ka cire sunan McClung daga jikinta, rabin masu nemanta sun watse. Wuƙaƙen naɗewa masu ruwan tangaran da kamfanin Böker na garin Solingen a Jamus ya fitar a shekarun 1990 su ma suna da masu so, a matsayin shaidar wani zamani da aka zaci tangaran za ta kori ƙarfe, amma na kamfani ne da aka buga da yawa, ba a sa su a sahu ɗaya da aikin hannu. Su kuwa waɗannan marasa suna da ake turo mana tallarsu, masu baƙin fenti da zanen ƙoƙon kai, inji ne ke zubo su dubbai. Ranar da ka biya kuɗinta, ranar ta fi kowace rana tsada.

Wani abin da ba a faɗa wa sabon shiga shi ne, tsufa yana yi wa ƙarfe kyau amma ba ya yi wa tangaran. Tsohuwar Randall da ta je yaƙi ta dawo da karce da tabo, wannan tabon wani lokaci ƙara mata kuɗi yake yi, in kuma ta lalace ana iya gyara ta. Tangaran in ta yi giɓi, gyaran shi ne a cinye bakin gaba ɗaya da daimon har a wuce giɓin, siffar ta sauya, mai saye na gaba kuma zai gane. In tsinin ya karye ko ruwan ya tsage, an gama, ba walda ba ƙira. Ma'ana, in kana son ta riƙe darajarta dole ka hana ta aiki. Ka biya kuɗi mai yawa saboda an ce maka jaruma ce, sannan ka naɗe ta a tsumma ka kulle a durowa kana tsoron kada yaro ya yar da ita.

Mu da ke nan kuma muna da ƙarin lissafi. Da dala za ka saya, ka biya kuɗin jigila, ka yi fama da kwastan, domin wuƙa mai siffar makami ba kayan da ke wucewa salin-alin ba ce. Ranar da ka matsu kana neman sayarwa, wa zai saya a Kano ko Zinder? Masu sanin darajarta 'yan tsiraru ne, yawancinsu a Amurka da Turai, kuma ba za su tura kuɗi ga wanda ba su sani ba a kan wuƙar da ake yawan yin jabunta.

Ni dai in ina neman wuƙar shiga daji, ƙarfe zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba. In don ɗakin girki ne, Kyocera ta yi, muddin uwargida za ta raba ta da ƙashi da daskararren nama. In kuwa wani ya kawo maka Mirage X ya ce ta asali ce, kuma kana da kuɗin da ba za ka yi kuka ba in sun maƙale, to ka nemi kubenta na asali da takardun da ke nuna hannun da ta bi. Ka fita da ita rana, ka bi bakin da farce a hankali daga gindi har tsini. In farcenka ya tsaya a wani wuri ko sau ɗaya, ka mayar masa da abarsa.