Ba sai an kai ga tari ba

A fadarmu ta Birni, duk wanda ya taɓa maganar sigari amsa ɗaya ake ba shi: "Kakan wane ya sha taba har ya haura tamanin, lafiyarsa lau." Jiya da dare ma haka aka yi mini, ana zuba shayi na biyu, abokina ya busa hayaƙi sama ya ce, "Malam, ajali ne kawai." Na yi shiru don kada a ɓata hira, amma abin ya kwana a raina.

Mu muna jiran mutum ya fara tari da jini kafin mu yarda taba ta yi masa illa. Masu bincike ba sa jira. A ɗakin gwaje-gwaje, suna ɗaukar ƙwayoyin halitta na bututun numfashin ɗan Adam su raine su a ɗan faranti, su ratsa hayaƙin sigari cikin ruwan da ƙwayoyin ke rayuwa a ciki, sannan su zuba ido da madubin ƙara girma. Abin da ake gani ba daɗi. Akwai wasu ƙananan gashi a jikin ƙwayoyin, aikinsu kamar tsintsiya ne, dare da rana suna sharo majina da ƙura waje. Hayaƙi na taɓa su sai su rage motsi. In aka ƙara yawansa, ƙwayoyin su fara mutuwa. Ku tuna fa garin da muke ciki. Lokacin hunturu, ƙura ta rufe Damagaram har ba ka hango dutsen da ke gabanka, ɗan kabu-kabu ya wuni yana shaƙarta, sannan da yamma ya kunna abin da ke kashe masa tsintsiyar.

Hayaƙin nan yana ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, wajen 70 daga cikinsu an tabbatar suna haddasa cutar kansa, wato ciwon daji. Tun 1953 wasu likitoci a Amurka suka riƙa shafa wa ɓeraye kwaltar sigari a baya, kansa ta fito musu a fata. A 1996 kuma aka nuna wani sinadarin hayaƙin yana manne wa DNA, wato kundin umarnin da ke cikin kowace ƙwayar halitta, daidai wuraren da ake samu a lalace cikin kansar huhu, a kan wani sashe na DNA da ake kira p53, wanda shi ne birkin da ke hana ƙwaya hayayyafa barkatai. Wanda ya fi tsaya mini shi ne binciken 2016: mai shan kwali ɗaya kullum, a shekara guda kowace ƙwayar huhunsa tana tara kurakurai wajen 150 a DNA ɗinta. Kowace ɗaya fa.

Na sani faranti ba mutum ba ne, jiki yana da hanyoyin gyara kansa. Shi ya sa kakan wane ya tsira. Amma tsirar ba ta nuna ba a yi masa ɓarna ba, caca ya yi ya ci. Waɗanda suka faɗi ba sa zuwa fada su ba da labari, mun kai su maƙabarta mun ce gajeruwar rashin lafiya ce.

Wani abu da zan gaya wa abokina: a 2020 an duba huhun waɗanda suka daina, aka tarar da wasu ƙwayoyi masu lafiya kusan kamar na wanda bai taɓa sha ba, sun yaɗu suna maye gurbi, har ga waɗanda suka yi shekaru suna zuƙa. Don haka "ai na riga na makara" ba hujja ba ce.

Ƙanensa ne ke hura mana gawayin shayi, yaro ɗan shekara goma sha biyu, zaune dab da ƙafarsa. Yau da dare zan roƙi abokin nawa, in zai kunna, ya taka zuwa bakin titi.