Kafin ka zagi kashiyar banki a PZ

Duk wanda ya taɓa bin layi a bankunan PZ ko Samaru a Zariya ya san fuskar shanun da ake tararwa a kanta. Ni a ganina laifin ba na yarinyar da ke ƙirga kuɗin ba ne, na masu tsara mata aikin ne.

Da yawa cikin kashiyoyi da masu nemo kwastoma ba ma'aikatan bankin ba ne kai tsaye. Wani kamfani ne ya ɗauke su kwantiragi ya turo su. Aikinsu ɗaya da na dindindin, albashi kuwa ko kusa, ƙarin girma sai wanda Allah ya ciyar. Ƙarfe huɗu ake rufe ƙofa, amma kashiya ba ta motsi sai lissafin akwatinta ya yi daidai da na kwamfuta. In an sami giɓi, ko na dubu biyar ne, daga aljihunta za a cike.

Babbar cutar dai ita ce taget, wato adadin kuɗin ajiya da ake yanka wa ma'aikaci ya nemo. Tun bayan da Soludo, gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, ya kai jarin banki naira biliyan 25 a 2005, bankuna 89 suka koma 25, gasar tara ajiya ta zama ruwan dare. Hedkwata, wadda galibi a Legas take, ta yanka wa shiyya adadi, shiyya ta yanka wa reshe, manaja ya raba wa yaransa. Ba mai tambayar yadda kuɗi ke tafiya a Zariya. Nan albashin Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) ne da ake kwashewa cikin mako guda, sai kuɗin masara da ke shigowa da kaka ya fice da damina, sai asusun ɗalibai da ke mutuwa da zarar an gama karatu.

To me yaro zai yi? Ranar 29 ga wata ya je Sabon Gari ya durƙusa wa Alhaji: a taimaka a ajiye miliyan ashirin zuwa ranar 2. Rahoto ya yi kyau, manaja ya tsira daga takardar tuhuma, kuɗin ya koma inda ya fito. Kowa ya sani, kowa ya yi gum.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne aron lambar sirri ta shiga kwamfutar banki. Ƙa'ida ita ce wani ya shigar da ciniki, wani daban ya amince. Amma in ma'aikata sun yi kaɗan, layi ya kai bakin titi, sai oga ya miƙa wa na ƙasa lambarsa don a yi sauri. Haka hutun shekara, wanda a lokacinsa ne mai riƙon kujera ke gano ɓarna, sai a yi ta ɗage shi wai ba mai canji. Ranar da masu bincike suka dira, ɗan kwantiragi ake fara sallama, don shi ko wasiƙa ba sai an wahala ba, kamfaninsa kawai za a kira.