Alhaji a Shagon Mai Turi

"Kai mai turi! Waƙa 600 na biya, amma wayar ta ce mutum ɗaya ne ya rera su duka, wai shi Unknown. Ɗan wane gari ne?"

"Ranka ya daɗe, ba mutum ba ne. Manhajar da ke kunna waƙa ba ruwanta da sunan da ke kan fayil. Bayanin da aka cusa cikin MP3 ɗin take karantawa, shi ake kira tag: sunan waƙa, sunan mawaƙi, sunan kundi. In ta tarar da gurbin wayam, sai ta ce ba a san mai shi ba."

"To ni an san ni. Sa sunana."

"Ai ba kai ka rera ba, Alhaji."

"Wa ya biya?"

"In na sa, duk ƙarƙashin suna ɗaya za su taru, wa'azi da kalangu a cakuɗe. Ba za ka iya zaƙulo mawaƙin da kake so ba."

"Ni nake so."

Mai turi ya leƙa janareta, fetur na ta tafiya, rabonsu da wuta tun Talata. Ya zare memori ya soka a kwamfuta, ya buɗe Mp3tag, manhajar gyara tag, ya danna Ctrl da A ya kwashe duka, ya fara rubutu a gurbin mawaƙi.

"Alhaji kawai? Sau uku na sauke farali. Ƙara Dakta. A gurbin kundin ma sa lambar motata."

Aka ƙara, aka danna Ctrl da S. Sai Alhaji ya matso, ya sassauta murya.

"Saura ɗaya. Jiya a mota na bar wayar tana zaɓe da kanta. Ana gama wa'azi sai ga muryar wata baiwar Allah tana gaishe ni. Hajiya na zaune a gefe."

"Saƙon WhatsApp ne. Manhajar duk foldar da ke wayar take lalubewa. A saituna za a ce ta tsallake duk sautin da bai kai daƙiƙa 60 ba."

"Nata minti 14 ne."

"To sai a cire foldar WhatsApp Audio daga cikin waɗanda take dubawa."

"Kul! Kada ka cire. Wannan tag ɗin naka, shi ma yana ɗauka?"

"Yana ɗauka."

"Rubuta Tafsiri, kashi na biyu."

"Alhaji, tag fa ba ya canza murya."

"Kai dai rubuta. A gurbin mawaƙin kuma mayar da Unknown ɗin nan."