Yadda hulata ta cinye Kilimanjaro

Taron ƙara wa juna sani ne ya kai ni Arusha ta ƙasar Tanzaniya, amma tun a gida uwargida ta gindaya min sharaɗi: kada in sake in dawo ba hotona a gaban Kilimanjaro. Ta riga ta baza wa matan layinmu cewa maigidanta zai je dutsen da ya fi kowane tsawo a Afirka, mai mita 5,895, mai ƙanƙara a ka. Ba ta ce musu hawa zan yi ba, ba ta kuma ce musu ba hawa zan yi ba.

Washegarin saukata na buɗe taga, sai ga narkeken dutse ya tokare sama. Na ce alhamdulillahi, aiki ya zo gidan sauƙi. Ina cikin gyara babbar riga yaron masauki ya ce min ai wannan Meru ne, mita 4,566 kawai. Kawai fa! Ni da dutsen da na fi sani shi ne Dala. Ya ce in Kilimanjaro nake nema in tafi Moshi, wajen kilomita 80 gabas da nan, garin da ke zaune a gindinsa.

Ana tashi daga taro na faɗa mota. A Moshi na kama ɗaki a bene na ƙarshe, har da ƙarin kuɗi, wai don tagarsa na kallon dutse. Tagar kam tana kallo, dutsen ne ba ya nan. Gajimare ne fari fat, daga gonakin ayaba da kofi na ’yan ƙabilar Chagga har iyakar gani. Aka ce min haka halinsa yake: da sassafe yake leƙowa, rana na ɗagawa ya lulluɓe, sai kuma dab da magariba in ya ga dama. Amarya ce sak, sai an sayi baki.

Ranar farko na yi Asuba na ce bari in ɗan kishingiɗa. Ƙarfe tara na farka, aka ce ya fito tsaf ya koma. Washegari na ƙi barci, aka wuni ana ruwa. Abin haushin, ko’ina na juya a garin hotonsa ne: a jikin robar ruwan sha, a allon shaguna, a rigunan ’yan yawon buɗe ido. Uwargida kuma saƙo take ta turowa: “Alhaji, anya Tanzaniyar ka je?”

Yammacin da zan bar gari ina zaune a benci wurin wani dattijo mai sayar da kofi, na ƙura wa arewa ido ina tsaki. Ya tambayi abin da nake nema, na faɗa masa. Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce, “Shehe, ai ƙasa kake kallo.” Ya sa yatsa ya ɗaga haɓata. Can sama da gajimaren, inda na tanadar wa jiragen sama, sai ga Kibo, ƙololuwar Kilimanjaro, fara sol, rana ta ɗan shafa mata ja. Tudun Moshi bai kai mita 1,000 sama da teku ba, dutsen kuwa ya ɗara ta da kusan kilomita 5 a tsaye. Dattijon ya ce ƙanƙarar ma saura ce. Lallai kuwa, fiye da kashi 80 cikin 100 na wadda aka auna a 1912 ta narke.

Ban tsaya jin ƙarshen bayani ba. Na cafke wani ɗan acaɓa, na danƙa masa waya, na karkata hula, na harɗe hannu irin na manya. Ya ɗauka, ya ɗaga min babban yatsa, ya ja babur. Kafin in buɗe hoton gajimare ya mayar da labule.

Na fito kyakkyawa, wannan ba gardama. Gajimare ta dama, gajimare ta hagu, a tsakiya kuma, daidai inda ƙololuwar take, doguwar hulata ce zanna bukar ta zauna daram.

Na tura wa uwargida haka nan, na rubuta cewa dutsen yana bayan hular. Ba a yi minti ɗaya ba amsa ta shigo: “Hular kam na gane ta, ni na kai ta wanki.”