Rubutun tsutsa da haruffanmu masu ƙugiya

Wani mai tsara littattafai a nan Italiya ya ba masu buga wani ɗan littafin Hausa shawarar su cire ƙugiyar ɓ, ɗ da ƙ, wai suna ɓata masa rubutun tsutsa, wato karkataccen rubutun nan da ake kira italic. Maganar ta yi mini ciwo, kuma abin haushin shi ne mutumin ya iya aikinsa.

Mutanen nan ba sa wasa da wannan rubutu, domin a garinsu aka haife shi. A birnin Banis (Venice), cikin 1501, Francesco Griffo ya sassaƙa wa maɗaba'ar Aldus Manutius irinsa na farko. Ko takardar gidan tarihi ka ɗauka, za ka ga farar takarda mai ɗan ruwan madara, haruffa masu 'yan ƙafafu a tsaye, sai sunan zane kaɗai a karkace, siriri. Harafin a ya koma mai ciki ɗaya kamar na hannu, wutsiyar f ta zubo ƙasan layi. Kowane harafi daban aka zana shi. Suna amfani da shi wajen sunan littafi, baƙuwar kalma, ko bayanin hoto, ba sa cika shafi da shi.

A gida kuwa kun san yadda ake yi. A danna maɓallin karkatarwa, shi ke nan. In salon haruffan ba shi da nasa na tsutsa, kwamfuta sai ta ture tsayayyun su kwanta, o ya bauɗe, kaurin ya koma inda bai dace ba. Sannan a haɗa shi da jan layi da manyan baƙaƙe a kalma ɗaya! Salon haruffa masu siraran layuka irin Bodoni kuma, in aka buga su da girman da bai kai lamba 9 ba a takarda mai shan tawada, layukan kan tsinke, cikin e ya toshe.

To, wannan laifinmu ne, na yarda. Amma babban laifin ba namu ba ne. Yawancin kyawawan salon da ake sayarwa ba a zana musu ƙ ko ɗ ba, sai kwamfuta ta aro daga wani salo, ka ga harafi ɗaya ya yi tsaye ƙiƙam a tsakiyar kalma. Mai zanen ne bai ga mutum miliyoyi ba, ba harshen ne ke da aibi ba. Mu da muka gaji gwanayen ajami, ba yau muka san kyan alƙalami ba.

Maganin ma kyauta ne. Salon haruffan Gentium, Charis SIL da Noto Serif duk suna da ƙugiyoyinmu, tsaye da karkace. Kafin ka zaɓi salo, rubuta "ƙaɓaɗa" da Ɓ, Ɗ, Ƙ, ka karkatar, ka buga a ainihin takardar da za a yi aikin. In ƙugiya ɗaya ta fita daban, salon za a canja.